Yarinyar da Ke Hawa Mini Bene

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi. São Paulo.

An hana ni magana da rana, don haka a nan zan riƙa zuba surutuna. Ni Outi, da ake cewa ko a jana'iza sai na sami abin faɗa, yau ga ni ina nuna wa ma'aikacin otal kofi da yatsa. Ossi, mai gangarmu, ya ce a shekara ashirin da biyar da kafa ƙungiyar waƙarmu, Hallakello, bai taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba. Na rubuta masa zagi a takardar goge baki na miƙa masa. Ya ninke ta a hankali, wai zai rataye a falonsa.

Ba na son tuna Mexico, kuma ita nake ta tunawa.

Rauno ne ya jawo. Shi ke kaɗa mana fiyano, shi ke rubuta waƙoƙinmu tun muna yara a garinmu Oulu, kuma shi ya ce tunda zagayen tuna baya muka fito, a yi tsofaffin waƙoƙi yadda aka yi su tun farko, ba ragi. Ba mu da halin yawo a jirgi da rundunar masu goge da 'yan amshi, don haka suna cikin kwamfuta. An ɗauke su a faifai tun ina da shekara ashirin da huɗu, su ne ke fitowa ta lasifika, mu kuma muna bin su da jita da ganga. A kunnen kowannenmu akwai ɗan abin sauraro, ta nan muke jin junanmu, ta nan kuma wani ƙas-ƙas-ƙas ke riƙe mana lokaci. Masu gogen nan wasu sun yi ritaya, wasu sun mutu, amma ba sa gajiya, ba sa mura, ba sa jiran kowa.

A ƙarshen “Fitilar Masunta” akwai wurin da muke kira bene. Kiɗa ya lafa, goge ya yi ta hawa, ni kuma in bi shi in wuce shi, in tsaya can sama in riƙe sautin har sai gangar Ossi ta sauko da ni. Saboda benen nan mutane ke zana sunanmu a damtsensu. A Mexico na taka matakalar ƙarshe ƙafata ta zame. Abin da ya fito daga bakina, ƙofar garejin Mama ta fi shi daɗin ji.

Ba wanda ya ce uffan a mota. Haka muke. A garinmu in ka zame a ƙanƙara ka faɗi a bakin titi, mai mutunci shi ne wanda ya kau da kai ya yi kamar yana duba agogo.

Ban gaya musu abin da likita ta gani a maƙogwarona a watan Agusta ba. Ta ce in soke tafiyar, na ce sai bayan wasan ƙarshe a Oulu. Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, “Kin san da me kike caca?” Na sani. Gobe akwai wasa.

Laraba, 8 ga Oktoba, da safe.

Na hau! Na hau bene jiya!

Maƙogwarona ya yi zafi kamar kullum, na ji yana shaƙewa kamar kullum, na rufe ido ina jiran abin kunya, sai na ji sautin a kunnena tas, siriri, tsayayye, ba ko gargada. Jama'ar Brazil kuwa ba su iya kawaici ba. Wani ƙato mai gemu har ciki a layin gaba ya durƙusa yana kuka, majina da hawaye. Na yi dariya a kan dandamali, abin da rabona da shi tun bazara.

A bayan fage na kama Rauno ta wuyan riga, na manta da dokar shiru. “Ka ji? Kai tsoho, ka ji?”

“Na ji,” in ji shi, yana naɗe wata waya da ba aikinsa ba ne naɗe ta.

Ban damu ba. Rauno ko ranar da aka haifa masa tagwaye cewa ya yi ba laifi. Wataƙila likita ta yi kuskure. Likitoci ma mutane ne. Na ci baƙin burodin da Ossi ya ɓoyo a akwati, ya tsaya mini a wuya, na kora da ruwan ɗumi.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da rana.

Wataƙila ta yi kuskure.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da safe. Santiago.

Ban san ta inda zan fara ba.

Wutar da ake tayarwa a gaban dandamali ta yi hayaƙi fiye da kima jiya. Ina tsakiyar bene hayaƙin ya shiga mini. Na yi ƙoƙarin dannewa, ya ƙi. Na kau da kai daga makirufo na yi tari, tari sosai, har na dafa gwiwa.

Sautin bai tsaya ba.

Ina duƙe ina tari, muryata tana can sama a tsaye, tana cika filin, tana cika kunnena. Sai da gangar Ossi ta shigo sannan ta sauko, daidai inda ya kamata. Fitilu a lokacin shuɗi ne mai duhu, hayaƙi ya rufe ni, ba wanda ya gani. Mutane sun yi ta tsalle suna kiran sunana.

Na san muryar. Ta yaya ba zan san ta ba? Akwai wata 'yar rawa da take yi dab da ƙarshe, wadda malamata ta yi shekara tana faɗa a kai kafin na daina. Yarinyar nan ce mai shekara ashirin da huɗu, wadda ta shiga ɗakin ɗaukar sauti da ƙamshin tsiran alade a baki, ta hau bene ta sauko ta tambayi ƙarfe nawa ne motar gida.

Na miƙe na ɗaga hannu, na yi musu godiya. Me zan yi?

Lahadi, da yamma.

Na zauna da su wurin cin abinci ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Ossi ya ba da labarin yadda aka kama shi da alewar gishiri a filin jirgi aka ɗauka ƙwaya ce. Kowa ya yi dariya. Rauno ya turo mini zuma ba tare da ya dube ni ba. Duk sun sani. Har direba ina jin ya sani.

Laraba, 15 ga Oktoba, da hantsi. Buenos Aires.

Na gwada su jiya. Da aka zo bene na buɗe baki, na ɗaga kai, na miƙa hannu sama yadda na saba, ban fitar da ko numfashi ba. Yarinyar ta hau abinta. Ta fi ni iyawa ma in ban sa mata baki ba.

Na ɗauka zan ji haushi ne kawai. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sauƙin da na ji. Wuyana bai yi zafi ba. Na tsaya a gaban dubban mutane baki buɗe kamar kifi a faranti, ina hutawa.

A ƙofar baya wata mata ta jira ni, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, da furfura da baƙar riga mai hotonmu tun muna da ƙugu. Ta riƙe hannuna da hannu biyu. Ta ce shekarar da mijinta ya rasu waƙar nan ce ta riƙe ta, ta ce ta ji tsoron zuwa kada ta tarar na tsufa. “Amma ke ba ki canza ba,” in ji ta. “Kin ba ni ƙarfin gwiwa. In ke kin iya, ni ma zan iya.”

Na sa mata hannu a kan rigar. Da na shiga mota na ji kamar in tsaga ƙasa in shige. Ban taɓa satar ko cokali ba a rayuwata, yau ga shi na karɓi hawayen baiwar Allah a kan abin da ban yi ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da rana. Filin jirgi.

Haɗiyar ruwa ma yanzu sai na shirya mata.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da safe.

Na kira Mama. Ta ce an fara sanyi, ta sa maƙwabci ya canza mata tayoyin mota, ta ce kuliyar ta kama ɓera ta ajiye mata a takalmi.

“Muryarki fa?” in ji ta.

“Gajiya ce, Mama.”

“Uhm.” Muka tsaya muna jin numfashin juna daga wannan nahiya zuwa waccan. Can ta ce, “Zan zo na Oulu ɗin. Ki ce su rage ƙara.”

Matar nan tun da na bar ƙungiyar waƙar coci na koma sa baƙin kaya ba ta taɓa zuwa kallona ba. Yanzu ta ga damar zuwa. Yanzu.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da la'asar. Hamburg.

Na ritsa Kaisu a sauna, ɗakin wankan tururi. Ita ke riƙe da teburin sautinmu shekara da shekaru, duk abin da jama'a suka ji da duk abin da na ji a kunne ta hannunta yake bi. Otal ɗin ba kowa a irin wannan lokaci. Jamusawa sun kafa agogon yashi a bango sun rubuta kada a zuba ruwa a duwatsu, Kaisu ta karanta, ta ɗebo ludayi biyu ta watsa. Na bari tururin ya sauka tukuna.

“Ke Kaisu, wace ce ke hawa bene?”

“Wane bene?”

“Kada ki raina mini hankali. Ni ba sa'arki ba ce.”

Ta share gumi daga goshi. A sauna ba inda za ka ɓoye fuska, ba riga, ba waya, ba abin naɗewa. Ta ce, “Tun São Paulo.”

“Wa ya ce a yi?”

“Ba wanda ya ce.”

“Aljanu ne suka kunna?”

“Wallahi, Outi, ba wanda ya faɗa da baki. Washegarin Mexico mazan suka shiga sauna. Ossi ya ce mini sun zauna har suka yi ja, ba mai magana. Can Rauno ya ce, ‘To.’ Kowa ya ce, ‘To.’ Suka fito. Sai ga Rauno da jiƙaƙƙen gashi, ya ajiye mini tsohon faifan a kan tebur, muryarki ita kaɗai, ya ce, ‘To.’”

“Ke kuma kika ce me?”

“Na ce to mana. Me zan ce?”

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Rabin rayuwata na yi tare da mutanen nan, an yanke hukunci a kan muryata da kalma ɗaya, kuma ba a ma kira ni taron ba. Suna ganin sun rufa mini asiri. Da abokan gāba ne da na san abin yi.

“Wannan na jama'a ne,” na ce. “Nawa kunnen fa? Shi ma Rauno ya ce ki sa mini ita?”

Nan ta sunkuyar da kai. “Wannan ni ce. Na ga fuskarki a mota a Mexico. Na ce bari ta ji daɗi ko na dare ɗaya.”

“Na ji daɗin kuwa. Har rubutawa na yi.”

“Ki zage ni, don Allah. Ya fi mini.”

Ban zage ta ba, murya ba ta kai ba. Na ɗebo ruwa na watsa a duwatsu, muka zauna har yashin Jamusawa ya ƙare.

Asabar, 25 ga Oktoba, da safe.

Jiya ma ita ta hau. Na sa mata baki daga ƙasa, kamar mai riƙe wa wani tsani. Gobe akwai wasa.

Talata, 28 ga Oktoba, da rana. Copenhagen.

Asibiti sun kira. Sun ba da ranar yi mini aiki a wuya, kwana uku bayan Oulu. Matar ta karanto mini abubuwan da za su iya faruwa cikin murya mai laushi, ta tambaya ko ina da tambaya. Na ce zan iya waƙa bayan haka? Ta ce wannan sai likita. Na ce magana fa? Ta ce wannan ma.

Na tsani yarinyar nan ta faifai. Ba ta taɓa ɗumama murya ba, tana shan taba a ɓoye, tana kwana a ƙasan mota ta tashi ta yi waƙa. An ba ta abu kyauta ta ɗauka nata ne. Wani lokaci kuma a tsakiyar waƙar sai in ji ina son in rungume ta in ce ta sa hula.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da la'asar. Cikin jirgin ruwa, daga Stockholm zuwa Turku.

Na sami Rauno shi kaɗai a wurin shan kofi, yana kallon tsibirai ta taga. Na zauna a gabansa.

“Na san komai.”

Ya juya kofinsa. “Kaisu ta faɗa mini.”

“Ka sauko da waƙar ƙasa. Ko kaɗan ne, yadda zan kai.”

“Na gwada tun muna Mexico. Masu gogen a haɗe suke da 'yan amshi a tsohon faifai, in ka ja su ƙasa sai su koma kamar shanu sun bugu. Ki zo ki ji in kina so.”

“A cire waƙar.”

“A Oulu? A cire ‘Fitila’ a Oulu? Ko wandona na cire sai ya fi sauƙi.”

“Kai dai mugu ne, Rauno. Da ka buɗe baki ka gaya mini me zai ci ka?”

“In ce miki me? Tun muna aji ɗaya nake jin muryar nan. In dube ki in ce ta...” Ya kasa ƙarasawa. Ya ce, “Gajiya ce kawai. Mu gama, ki huta har bazara, za ki warware. Ina da sabbin waƙoƙi, na rubuta su ƙasa-ƙasa, za ki ji daɗinsu.”

“Rauno. Babu bazara.”

Ya dube ni, karo na farko tun Mexico. Idonsa ya sauka kan gyalen da ban rabu da shi a wuya ba tun Agusta, har a zafin Brazil. Na ga lokacin da abin ya shige shi. Bai tambaya ba, ni ma ban ƙara ba.

“A Oulu ku kashe ta,” na ce. “A lasifika da kunnena duka. Ni zan hau.”

“Za ki faɗo.”

“In faɗo. Mamana za ta zo. Ba zan tsaya gaban matar da ta haife ni ina wangale baki ba.”

Ya daɗe yana kallon ruwa. Jirgin ya wuce wani ɗan tsibiri mai jan gida ɗaya. Sannan ya ce, “To.”

Na san “to” ɗin Rauno iri-iri, na yarda, na ƙi, na bari in gani. Wannan ban gane shi ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da safe.

Ina tsoro. Ba ni da wani abin rubutawa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da rana. Gidan Mama.

Rana tana faɗuwa tun kafin mutum ya gama wanke kwanon abincin rana. Mama ta yanka baƙin burodi ta ajiye mini kamar kullum. Ta ga yadda na gutsira na daɗe ina juya shi a baki. Ta ɗauke farantin, ta ɗora miyar kifi, ta murƙushe dankalin da cokali kamar yadda take yi wa Baba a ƙarshe.

Na shiga garejin na rufe ƙofa na gwada bene, ni kaɗai, ba kiɗa. Ban kai ba. Na sake, ban kai ba. Na zauna a kan tsofaffin tayoyi na yi kuka, shi ma ba sauti.

Zan iya kiran Kaisu in ce na fasa. Za ta ce to, ba wanda zai ƙara tayar da maganar har abada. Wayar tana hannuna tun ɗazu.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da la'asar.

Ban kira ba. A gwajin sauti Ossi ya leƙo ta saman gangunansa ya ce, “Tsohuwa, in kin ga za ki faɗo ki ɗaga mini gira, in shigo da wuri in rufe ki da hayaniya.” Na ce in ya kuskura sai na fasa masa ganga a ka. Ya ce kansa ya saba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da hantsi.

An yi.

Filin ya cika, mutanen garinmu, hannu a harɗe, kowa da tazara tsakaninsa da na kusa da shi. Na hango malamin lissafinmu. Na hango Mama a gefe a kan kujera, da kwat ɗinta na zuwa coci da auduga a kunne.

Kiɗa ya lafa, goge ya fara hawa. A kunnena babu kowa sai ƙas-ƙas da numfashina, sai a lokacin na tabbata Rauno ya cika alkawari. Na taka ta farko, na taka ta biyu. A ta ƙarshe muryar ta tsage. Ba zamewa ba irin ta Mexico, tsagewa, kamar an yaga tsohon zani. Rabi iska, rabi kururuwa.

Ban saki ba. Na riƙe wannan mummunan abin, na tsaya a kansa, iya tsawon da yarinyar ke yi. Masu gogen suna ta zuba daɗinsu, ko a jikinsu. Na buɗe ido na ga dubban mutane sun sunkuyar da kai suna kallon takalmansu, duk garin yana yi mini kawaici. Mutum ɗaya ce ba ta kau da kai ba. Ta ma cire audugar.

Ossi bai shigo da wuri ba. Ya jira har wurinsa, yana kuka yana duka.

Sun yi tafi, a hankali da farko, sannan suka ƙi dainawa. Ban san ko na yabo ne ko na ta'aziyya ba. Amma abin da suka ji ni ce, kuma ban san zan ji sanyi a rai haka ba.

Mama ta jira ni a baranda ta baya, jakarta a gaba. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Kin gama?”

“Na gama, Mama.”

“Yaushe ne asibitin?”

Ban taɓa ambata mata asibiti ba. Na ce Talata. Ta ce za ta bar wa maƙwabci kuliyar.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da rana. Cikin jirgin ƙasa zuwa Helsinki.

Da ban buɗe waya ba.

An yaɗa bidiyon Oulu ko'ina. Na shirya wa zagi, na shirya wa tausayi. Ga abin da suke rubutawa: “Ina masu cewa faifai take bi? Mai bin faifai muryarta ba ta tsagewa.” Wani ya ce, “Wannan ita ce shaida. Duk abin da muka ji a zagayen nan da bakinta ta yi.” Wata ta haɗa bidiyon São Paulo da Santiago da Buenos Aires ta rubuta, “Dare ɗaya ta gaji a cikin wata biyu, ku ji sauran.” Dubban mutane sun danna mata.

Gaskiya ɗaya na faɗa a tafiyar nan, da jinin wuyana, ita ce kuma ta zama hatimin ƙaryar. Yanzu ko na hau rufin gida na rantse, cewa za su yi tawali'u ne.

Na juya wayar na kife ta. Mama tana saƙa a gefena. Na so in yi ihu, sai na tuna ba ni da abin yin sa.

Talata, 11 ga Nuwamba, da safe. Asibiti.

Sun ba ni riga mai ɗauri ta baya. Mama tana ƙasa tana neman kofi. An ce in jira.

Ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ni sunanta Mirjami, mace mai faɗin kafaɗa da sanyin hannu. Ta auna ni, ta tambayi sunana da ranar haihuwata, na faɗa, a dishe. Ta gama ta juya za ta fita, sai ta tsaya a ƙofa, kunnuwanta sun yi ja.

“Ba a yarda mu yi haka ba,” in ji ta. “Amma tun ina 'yar makaranta nake jin ki. Ranar aurena ‘Fitila’ aka sa.” Ta ciro waya daga aljihu. “Kada ki sa Oulu a ranki. Ki dubi wannan, ko wata ɗaya bai yi ba. Na kalla ya fi a ƙirga.”

Buenos Aires ne. Ga ni nan a ɗan gilashin, kai a ɗage, hannu a sama, baki buɗe, ba na fitar da ko numfashi.

“Wannan muryar tana nan a cikinki,” in ji Mirjami. “Na gaya wa likita da safe, na ce ita za mu maido mata.”

Na buɗe baki. Ina da sauran murya da za ta isa jimla ɗaya, wataƙila ita ce ta ƙarshe, kuma na san wadda ya kamata in faɗa. Na dubi fuskarta, idonta ya ciko, tana riƙe da wayar da hannu biyu. A nan na yafe wa Rauno, na yafe wa Kaisu.

Na ce, “Sake kunna mini.”

Ta sake, ta ajiye mini wayar a kan matashi ta fita kiran masu tura gado. Yarinyar tana hawa. Ta kai, ta tsaya can sama, ba ta san komai ba. Ina jin ƙarar tayoyin suna tahowa.